Hannu Rabbana Zuwa Zurmi

Ku yaran yanzu akwai ku da raina aiki. Mutum ya zauna kan bencin shagona, ya buɗe burauza a wayarsa, ya shiga wurin rubuta kod, ya danna sunan firemwok ɗin da muke aiki da shi, shafi ya fito mishi tsaf, sai ya ɗago kai ya ce wai, "Baba Mande, ashe abin ba wuya." Awo, ba wuya. Tuwo ma ba wuya ga wanda ya iske shi cikin kwano. Wancan sunan da kuke dannawa ba daga sama ya faɗo cikin jerin ba. Ni na sa shi, ni Mande na Kaura, wanda bai gama sakandare ba. Tunda kun dame ni da tambaya, ga labarin. Wanda ya gaji ya tashi.

Aikin farko da anka ba ni a duniya shi ne busa ƙura daga cikin rediyon wani mahauci. A rumfar Malam Bawa mai gyaran rediyo ne, kusa da tashar jirgin ƙasa. Malam Bawa gwani ne, amma in gyara ya kai inda ciwon yake, sai ya laluba aljihu ya ce, "Mande, tahi ka sawo min goro." In ka ji maganar goro, to an zo wurin ilimi. Kafin in dawo rediyo na magana, shi kuma yana sakace haƙori. Na koyi sana'ar ta wata huda a jikin langa-langar rumfar, goron yana hannuna. Da ya gane bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wanda ya koya maka duka, ya koya maka korarsa." Kada ku ce mugu ne. Masu gyaran rediyo biyu ba su ƙoshi a unguwa guda. Haka maƙera ke yi, haka maɗunka ke yi, haka muka taso munka iske.

Daga rediyo na koma waya, daga waya na buɗe kafe da tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo, ina buga wa ɗaliban kwaleji aikinsu na ƙarshen karatu. A nan kod ya same ni. Wani ya kawo aikin shafin intanet a fitar mishi a takarda, ya tafi ya bar fayilolin cikin kwamfutata. Na buɗe, na canza kalma guda, na ga ta canza a allo. Na goge wani layi, komai ya watse. Shi ke nan, na ƙi barinsa. Turancina duk a jan rubutun da kwamfuta ke fitarwa in ta yi fushi na koye shi. Har yau ba ni iya hira da Bature, amma in kwamfuta ta zage ni na san abin da take nufi. Na nemi aiki wurare, ko'ina sai a ce ina takarda. Ba ni da ita. Waɗanda na buga wa aikin da hannuna suna da ita. Mu bar wannan.

Aikin da ya tsayar da ni da ƙafafuna na Hajiya Kulu ne, mai sayar da maganin dabbobi. Tana da shago a Kaura, da Shinkafi, da Zurmi. Damuwarta guda ce. Makiyayi zai taso daga Gurbin Bore, ya keto daji, ya iso Zurmi, a ce mishi maganin sammore ya ƙare, sai dai Shinkafi. A ƙasar da kowace fita kasada ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi mata shafi marar nauyi wanda ko ƙaramar waya ke buɗewa. Ban cika shi da rubutu ba, don yawancin masu sayen ba su yi boko ba. Hoton kwalba ne, in akwai ta a shagon ka ga kore, in ta ƙare ka ga ja. Mutum guda mai waya a ruga ya isa ya duba wa kowa kafin a ɗaura wa babur kaya.

Da firemwok na gina shi. In ba ku san mi ake nufi ba, ku dubi mai buga bulo. Ba ya sassaƙa kowane bulo da hannu, yana da ƙarfen da yake zuba ƙasa ciki ta fito da siffa. Firemwok ke nan. Kowane da halinsa, kuma wanda na saba da shi ba shi ne mai farin jini ba, sai dai shafinsa ba ya cin data. Kayan aikina lokacin laftof ne da anka ɗaure murfinsa da robar taya, da modem cikin gwangwanin madara a saman gora, da falle guda na sola. In wani shago na da matsala, ni da laftof muke shiga motar kayan Hajiya, don gyaran irin wannan shafi sai ka zauna kusa da mai shagon ka ga da idonka inda yatsansa ke kuskure.

Sai mummunar shekarar ta zo. Gaba da Moriki kaɗan, a hanyar Shinkafi, anka tare mu. Allah ya sa ranar kaya suke so ba mutane ba. Sunka kwashe magani, sunka ɗauki jakata. Ba a jima ba anka kashe netwok a jihar duka, anka rufe kasuwannin mako. Mai sana'ar intanet a garin da babu intanet, ku faɗa min sunansa. Na koma gyaran fitila da rediyo kamar yaro. Wayo guda da na yi a baya shi ne na ajiye kwafin kod ɗin a intanet, ban da haka da labarin ya ƙare a nan.

Da netwok ya dawo, shafin Hajiya ya tsufa a tsaye. Magungunan da ke ciki wasu an daina kawo su, sababbi ba su ciki, wani wurin yana nuna kore alhali kanta babu komai. Ta aiko a kira ni. Na iske ta a shagon Kaura tana duba kwalaye, direbanta Ɗan Jummai na tsaye bakin ƙofa.

"Mande, ka ga mutum ya zo min daga bayan Zurmi don ya ga kore," in ji ta. "Ya iske babu. Da wani abu ya same shi a hanya, wa Allah zai tambaya?"

"Hajiya, kin san abin da ya ci laftof ɗin."

"Na sani. To sai a yi ƙaƙa?"

"A samo wani, in shiga mota in zagaya."

Ɗan Jummai ya yi tsaki. "Injiniya, wallahi ba a motata ba. Duk shingen da munka zo sai an sauke mu saboda jakarka. Masu tsaro su ce kai mai kai rahoto ne, mutanen daji su ce kai mai kuɗi ne. Ni direban magani ne, ba direban gawa ba."

"Ka ji shi," in ji Hajiya. "Ni dai kafin ruwa ya sauka nake son abin ga ya miƙe, don da damina ne ciwon hanta da kaska ke taso wa dabbobi. In ba ka iyawa, akwai wani a Sakkwato da ya ce zai yi min sabo. Ba raini ba ne hwa, rai ne."

In ta tafi, sauran 'yan cinikina za su bi ta, don ita suke kallo. Kwamfutocin kafe kuwa tsarinsu ya tsufa, firemwok ya ƙi hawa kansu sam. Burauza kaɗai ke buɗewa.

Cikin neman mafita na ci karo da wurin nan da kuke wasa da shi yanzu. Shago ne cikakke cikin burauza. Ga inda za ka rubuta, ga inda kod ke tashi, ga taga da ke nuna maka shafin. Ba ka ɗauke da komai. Duk kwamfutar da ka samu, ko waya, ka zauna ka ci gaba daga inda ka tsaya. Na ce Alhamdu lillahi. Na duba jerin firemwok ɗin da yake karɓa, na duba daga sama har ƙasa, nawa babu. Masu wurin sun bar kod ɗinsu a buɗe, kowa na iya gani, kowa na iya kawo gyara. Na rubuta musu da ɗan Turancina ina roƙo su ƙara. Amsar ta zo gajera: ba su da hannu, in ina so in yi da kaina.

Na yi da kaina. Abin da wurin ke buƙata shi ne ya gane irin aikin da anka kawo mishi, ya san kayan haɗin da zai jawo, ya san yadda ake kunna shi. Wannan duk na gama da ɗan dama. Abin da ya kusa sa ni fasa allo shi ne, komai ya tashi, ba jan rubutu ko guda, amma tagar fara fat. Ashe firemwok ɗin yana buɗe ƙofarsa a wata lamba, wurin kuma yana jira a wata. Kamar ka aiki mutum tashar Gusau ya tarbi baƙo, baƙon kuwa ya sauka tashar Shinkafi, kowa na zaune yana zagin ɗan'uwansa. Na haɗa su. Sai wata ta taso. Firemwok na da mai gadi da ke jiran kwamfuta ta sanar da shi an taɓa fayil don ya sabunta shafin. Cikin burauza ba mai sanar da shi, sai ya yi ta barci. Na tashe shi, na sa shi ya riƙa zagayawa yana leƙa kowane fayil da kansa. Abu ya yi.

Da ya yi, ban kai wa kowa ba. Don mi zan kai? Sun ce ba su da hannu, ni na sa nawa. Na zuba 'yan fayilolin cikin filas, ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta, na rataya a wuya ƙarƙashin riga kamar laya. Duk inda na zauna sai in soka, in zuba su, wurin ya karɓi firemwok ɗina. Ni kaɗai a ƙasar ga ke iya wannan, kuma haka nake son ya zauna. Na gyara na Kaura a haka, lafiya lau.

Ranar kasuwar Shinkafi munka tafi da Hajiya don a gyara na can. Shagon cike da mutane, Fulani da 'yan kamasho, har da mutanen Nijar da ke zuwa sayen maganin raƙuma. Na zauna gaban kwamfutar da suke lissafi da ita, na buɗe wurin, sai ga wani ɗan rubutu a sama wai an sabunta. Ban kula ba. Na soka filas, na zuba, na kunna. Jan rubutu ya cika allo har yana gudu. Masu wurin sun canza tsarin cikinsu, kuma ba su san da fayilolina ba balle su kiyaye su. Na yi ta fama har anka yi la'asar. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Malam, ita ma allura za a yi mata?" Shago ya kwashe da dariya.

A mota Hajiya ta tambaye ni mi ya faru. Na gaya mata gaskiyar yadda abin yake, da filas da komai.

"Wato su masu wurin ba su san ka yi ƙofa a katangarsu ba?"

"Ba su sani ba."

"Sai sunka zo yaɓe, sunka toshe ta."

"Haka ne."

"To kai Mande, da girmanka. Hanyar da mutum guda ke bi ai ciyawa ke cinye ta. Kai musu abin ga su sa cikin nasu."

"In na kai, kowa ya samu. Har na Sakkwato."

"Ya samu mana. Ni na ce maka don ɓoyo nake ba ka aiki? Ka ga hadari ya fara haɗuwa gabas. Zurmi ce ta rage maka. In ta yi irin ta yau, mun rabu lahiya."

Na kai musu, raina bai so ba. Na buɗe da gaisuwa yadda ya kamata, na tambayi lafiyarsu da ta iyali da gajiyar aiki, sannan na gabatar da abin da na kawo. Wadda ta duba aikin wata mace ce, ban san ƙasarta ba, hoton da ke kan sunanta ma na kyanwa ne. Ni dai Mai Jan Biro nake ce mata. Ba sallama, ba sannu da aiki. Layi kaza ba daidai ba ne. Sunan kaza bai dace ba. Ina gwaji? Na ce lallai wagga ba ta da manya a gidansu. Na rufe kwamfuta na fita na sha shayi.

Amma na dawo, don ruwa ba ya jiran mai fushi. Kuma in za a faɗi gaskiya, duk inda ta sa biro akwai ciwo a wurin. Mai gadina da ke zagaye, ta ce zai cinye batirin waya ya sa ta zafi. Na gwada, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga. Ta nuna min wata 'yar kafa cikin wurin da ke iya sanar da shi kai tsaye, ba sai ya yi yawo ba. Ba ta aike ni sayen komai ba, ta nuna min a fili, har da dalili. Gwajin da ta nace a kai kuwa shi ne kod ɗin da ke duba kod. Duk ran da za su sabunta wurin, sai ya fara kunna firemwok ɗina ya ga ko yana tashi. In bai tashi ba, sabuntawar ba ta fita. Da na gane wannan na daina gunaguni, na zauna na rubuta.

Ni ma na kawo tawa. Na ce mata in netwok ya yanke ana tsakiyar jawo kayan haɗi, wurin na zubar da duk abin da ya jawo ya faro daga farko. Ta ce ita ba ta taɓa gani ba, netwok ɗinsu ba ya haka. Na ce namu ba ya wani abu sai haka. Ta ce to in zama mai gwada mata. Na sake bin Ɗan Jummai Shinkafi ranar kasuwa, da tsakar rana, lokacin da kowa ke kan waya yana ciniki, netwok na numfashi da ƙyar. Na zauna kan buhun dusa da wayata. Ta aiko gyara, na gwada, ya faɗi, na ɗauki hoton allo na tura. Ta sake, na sake. Sai da munka kai inda in ya yanke, yana riƙe abin da ya samu, in ya dawo ya ɗora. Ranar ce ta fara rubuta min na gode. Kalma guda ce a Turancinsu. Na karɓa, don na lura a wurinsu wannan babbar riga ce.

Wata safiya na buɗe jerin, sai ga sunan firemwok ɗina a ciki, tsakanin manya, da 'yar alamarsa. An haɗe aikin.

An yi yayyafin farko ana gobe za mu Zurmi. Da safe ƙasa na ƙamshi, manoma sun fita da kwashe suna duba ko ta jiƙu. Na zo mota ba jaka, ba filas, wayata kaɗai a aljihu. Ɗan Jummai ya zagaye ni yana dubawa.

"Injiniya, yau biki za ka?"

"Tuƙa mota, malam."

A Zurmi mai shagon ya share min kujera. Kwamfutarsa tsohuwa ce, fankarta na kuka kamar injin niƙa. Hajiya ta ja kujera ta zauna bayana, ta ajiye jakarta a cinya. Mutane sun fara taruwa, don an ji ruwa kowa ya tuna da dabbobinsa. Na buɗe burauza, na shiga wurin. Sai ga ɗan rubutun nan a sama: an sabunta. Hajiya ba ta karatun Turanci amma ta gane siffarsa.

"Ba shi ne na Shinkahi ba?"

"Shi ne."

"To bisimilla."

Na danna. Ya fara jawo kaya, ya kai rabi, netwok ya ɗauke. Na bar shi, ban taɓa komai ba. Ya dawo, ya ɗora daga inda ya tsaya. Taga ta buɗe, ga kwalaben Hajiya a jere. Na cire waɗanda anka daina kawowa, na ɗauki hoton sababbi da waya na zuba. Na lura mai shagon babban yatsansa na danna kwalba biyu lokaci guda, na ƙara tazara tsakaninsu yana kallo, shafin ya canza nan take. Wani Bafulatani da ke tsaye ya ciro wayarsa ya duba, ya nuna wa na kusa da shi, ya ce maganin hanta kore ne. Mai shago ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalbar ya dire gabansa.

Hajiya ta tashi ta gyara mayafi. "Ɗan Jummai, in mun koma ka tuna min in kira mutumin Sakkwato in ba shi haƙuri." Ta juyo gare ni. "Kai kuma bayan damina ina son buɗe shago a Moriki. Ka san da shi."

A hanyar komawa anka tsayar da mu a shingen fita gari. Wanda ya caje mu da safe ne. Ya sake laluba ni, aljihu da ƙugu, bai samu komai ba sai waya da asuwaki.

"Baba, kai mi ka zo yi Zurmi hannu rabbana?"

"Aiki."

"Ina kayan aikin?"

Kafin in buɗe baki Ɗan Jummai ya leƙo ta taga. "Ranka ya daɗe, bar wahalar da kanka. Shagon wanga mutum ko mutanen daji sun gaji da nemansa."

Ya ɗaga mana sanda munka wuce. Ba mu kai rabin hanya ba ruwa ya sauko sosai, irin na shuka.